Webmel na buɗewa amma waya ta ƙi aika saƙo, ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Muna da ɗan kamfani na shigo da kaya nan unguwar Ali Ɗan Sofo, an yi muna imel da sunan kamfanin. In na shiga ta burawza lafiya lau nake ganin saƙonni, amma da na sa shi cikin waya sai ya riƙa karɓa ba ya aikawa, wani lokacin ma ko karɓar ba ya yi. Yaron da ya yi muna aikin ya koma Yamai. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda webmel ɗin, wato shafin imel da kake shiga ta burawza, na buɗewa to sabar ɗinku lafiyarta lau, kalmar sirrinka ma daidai take, kada ka bari wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai sake ɗora komi daga farko. Abin da ke faruwa shi ne burawza da manhajar waya ba ƙofa guda suke bi ba. Sabar kamar babban gida ce mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta, burawza tana shiga ta 443, ita kuwa manhajar waya sai ta bi ƙofa biyu daban, ɗaya ta ɗauko saƙo ɗaya ta kai saƙo, to in lamba guda ta kuskure sai ka ga rabin aikin na tafiya rabi ya tsaya, daidai yadda ka faɗa.

Ka goge akawun ɗin daga wayar ka sake sa shi, amma wannan karon kada ka bari wayar ta cika da kanta, zaɓi wurin da za ka cika da hannu. Wajen saƙo mai shigowa ka zaɓi IMAP, lambar ƙofa 993, tsaro SSL/TLS. Wajen mai fita, wato SMTP, ka sa 465 da SSL/TLS, in ta ƙi ka sa 587 da STARTTLS. Lura da kyau, kowace lamba da irin tsaronta, in ka haɗa 465 da STARTTLS wayar za ta yi ta juyi har ta gaji ta ce ba ta samu sabar ba. Sunan sabar galibi mail ne sai ɗigo sai sunan domen ɗinku, wato abin da ke bayan alamar @ a adireshinku. Sunan mai shiga kuma cikakken adireshin imel ne har da abin da ke bayan alamar @, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Sannan akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko sabar mai fita tana buƙatar kalmar sirri, wasu wayoyin suna rubuta cewa ba dole ba ne, to dole ne, cika shi.

Ina kyautata zaton wayarka ƙofa 25 ta sa ma kanta wajen aikawa. Wannan ƙofar ta tsakanin sabar da sabar ce, kuma masu ba da intanet da yawa suna toshe ta saboda masu watsa saƙon banza, shi ya sa za ka ga abu ya yi aiki kan wifi na ofis amma da ka koma kan layin waya ya ƙi.

Wani abu kuma tunda na san za ka ci karo da shi: in kamfanin da ke riƙe muku sabar yana amfani da cPanel, wato shafin sarrafa sabar, webmel ɗinsa na zaune kan ƙofa 2096, kuma akwai ma'aikatu da otal-otal da ke rufe duk wata ƙofa in ba 80 da 443 ba. Ranar da ka ga ya ƙi buɗewa a irin wurin nan, rubuta webmail sai ɗigo sai domen ɗinku, wannan ta 443 yake bi. Ta 2095 ma tana nan amma ba ta ɓoye komi, kada ka sa kalmar sirrinka can.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Na yi hayar sabar a waje, na ɗora Postfix mai aika saƙo da Dovecot mai ba da saƙo a karanta da Roundcube na webmel don in koya. Saƙo na shigowa, amma in na aika ma Gmail ba ya zuwa, kuma abokina ya ce in buɗe dukkan ƙofofi in huta.

Amsa: Madalla ƙanena, haka ake koyo. Amma shawarar abokin nan naka ka bar ta inda ka ji ta. Ƙofofin sun haura 65,000, kai kuwa waɗanda imel ke buƙata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: 25 don sauran sabobi su kawo maka saƙo, 587 da 465 don mutanenka su aika, 993 don su karanta, 443 don Roundcube, sai 80 da za ka bari saboda Let's Encrypt, masu ba da takardar tsaro ta SSL, da kuma tura mutane zuwa 443. Ka bar 22 don kai kanka ka shiga, in ka manta da ita kafin ka kunna ufw, wato katangar da ke rufe ƙofofin, ka kulle kanka waje. Su 110 da 143 rufe su kawai, Roundcube in yana cikin sabar guda da Dovecot ta cikin gida yake magana da shi, ba ruwanshi da katangar waje.

Yanzu ga aikawar. Fara da duba ko saƙon ya bar Roundcube ma tukuna. A cikin config.inc.php, fayil ɗin saitin Roundcube, daga siga ta 1.6 sunayen sun koma imap_host da smtp_host, darussa da yawa na intanet tsofaffi ne suna ta cewa default_host da smtp_server, sai ka kwafa ka zauna kana mamaki. A nan ssl:// na tafiya da 993 ko 465, tls:// na tafiya da 587. Kuma 587 ɗin ba ta buɗe da kanta a Postfix, sai ka shiga fayil ɗin master.cf ka cire alamar # daga layin submission ka sake tada Postfix.

In saƙon ya fita daga Roundcube amma bai isa ba, buga umarnin mailq ka ga saƙonnin da ke jiran fita. In ka tarar sun yi layi suna cewa lokaci ya ƙare wajen haɗuwa da sabar Google ta ƙofa 25, to kamfanin da ya ba ka haya ne ya toshe fita ta nan, ba kai ka yi kuskure ba. Google Cloud na toshe ta, AWS ma haka sai ka cika takardar roƙo, wasu kuma sai ka daɗe kana biya kafin su yarda. Ko dai ka roƙe su su buɗe, ko ka sa relayhost ka riƙa bi ta wata sabar ta 587. In kuwa Gmail ya karɓi haɗuwar ya maido saƙon, to maganar shaida ce, tun Fabrairun 2024 suna neman ko dai SPF ko DKIM, wato shaidar cewa saƙon daga domen ɗinka ya fito, daga duk mai aiko musu, kuma adireshin IP ɗinka ya kasance yana da PTR, wato bayanin da ke haɗa IP da suna, da ya dace da sunan sabar. PTR ɗin nan a shafin masu hayar ake sa shi, ba wajen da ka sayi domen ba. Takardar Let's Encrypt kuwa kwana 90 take yi, ka tabbata manhajar certbot na sabunta ta kuma Dovecot da Postfix suna sake ɗaukar sabuwar, in ba haka ba wata uku masu zuwa webmel zai buɗe lafiya wayoyi su riƙa kukan takarda ta mutu.

Tambaya: Malam saƙonnina suna ɓacewa daga webmel da zarar an kunna kwamfutar ofis. An yi min kutse ne?

Amsa: Kwantar da hankalinki Hajiya, da wuya in kutse ne. Kwamfutar ofis ɗin da POP3, wata hanyar ɗauko saƙo, anka saita ta, ƙofa 995 ko 110, shi kuma ɗabi'arsa ya kwaso saƙo ya goge na kan sabar in ba a ce ya bar kwafi ba. Saƙonninki suna nan cikin waccan kwamfutar. Kada kowa ya goge akawun ɗin tukuna, a fara ƙara shi a matsayin IMAP, wanda ke barin saƙo kan sabar, kan 993, a jawo tsofaffin saƙonnin zuwa cikin sabon su koma kan sabar, in kin gan su sun bayyana a webmel sannan a cire na POP ɗin. A duba girman akwatin kafin a fara, in saƙonnin shekaru ne suna iya cika shi.