Injin ban ruwa da "maganin" baƙin mai

Wani mai noman dankalin turawa a Barkin Ladi, wanda ke jan ruwa daga tsohon ramin kuza, ya aiko da tambaya: "Malam, injina ya fara hayaƙi. Makanike ya ce in sayi maganin nan mai kauri kamar zuma in zuba a baƙin mai. Zai hana shi cinyewa?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Baƙin mai na kirki tun daga kamfani yake zuwa da haɗinsa. Akwai sinadarin zinc da fosfaras, wanda idan ƙarfe ya gogi ƙarfe ya yi zafi, yakan shimfiɗa wani siririn rufi a wurin, shi ne ke cinyewa maimakon ƙarfen. Akwai kuma masu wanke dauɗa da masu riƙe baƙin hayaƙi don kada ya kwanta ya zama taɓo. Duk a aune suke.

Na kwalbar nan, galibi kauri kawai yake ƙarawa. Hayaƙi zai ragu, ka ce an dace, alhali ringin fistan (zoben da ke hana mai shiga inda fetur ke ƙonewa) da ya cinye yana nan yadda yake. Ga kuma sanyin Jos. Ƙananan injina irin Honda GX160 ba su da famfon mai, wani ɗan ƙarfe ne a jikin sandar fistan ke fantsama shi. Da asubahin Janairu man ya yi kauri, ka ƙara masa wani, yaushe zai kai inda ake bukatarsa? A lokacin tayar da inji cikin sanyin nan ake yin ɓarna mai yawa. Ka kai a canza ringi.

Abin da Honda ta rubuta wa GX160 shi ne baƙin mai mai lambar kauri 10W-30, kimanin lita 0.6, a juye bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Injin ba shi da matatar mai, don haka ni da rani ba na jira ta cika. A riƙa wanke soson tace iska ma, ƙurar hunturu ta fi komai cin fistan.

Wata baiwar Allah mai lambun kabeji a Vom ta ce ko za ta iya amfani da man da aka juye daga mota, tunda ya fi araha.

A'a, Hajiya. Sinadaransa sun riga sun yi rauni, ga garin ƙarfe da dauɗa. Shafa shi a jikin garma da fartanya, zai hana tsatsa, amma kada ya zuba a gona ko a ruwa.