Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Mai Latti

Ɗana, na duba takardar da ka ajiye mini game da tafiyar Alhajin nan na Kasuwar Dole da Hajiyarsa, waɗanda za su shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Civitavecchia a Italiya, su bi ta Napoli da Santorini da Kushadasi da Istanbul da Piraeus, sannan su komo inda suka taso. Tambayoyinka biyu ne: ko mu bar duk zagayen garuruwan da kamfanin jirgin yake sayarwa tunda suna da tsada, mu tsara musu namu mai sauƙi, da kuma ko za su iya sauka Roma da safiyar ranar da jirgin zai tashi don a rage kuɗin masauki. Tausayin aljihun mai ciniki hali ne mai kyau, amma a duka biyun ka fara lissafi daga kuɗi, alhali daga lokacin tashin jirgi ake farawa.

A tashar mota ta nan Damagaram, idan fasinja sananne ya makara, ana buga masa waya, direba ya yi gunaguni amma ya jira. Jirgin da ke ɗauke da dubban mutane, wanda aka yanka masa lokacin barin gaɓa kuma wata tasha take jiransa gobe da safe, ba ya yin haka. Akan rufe shiga kamar rabin awa kafin tashi, kuma inda jirgin ya tsaya nesa da gaɓa ana jigilar mutane da ƙananan jirage, na ƙarshe yakan bar gaɓa tun kafin hakan. Kamfanin yana jiran mutum ne kawai idan a cikin motar zagayen da shi ya sayar ya makara, domin a lokacin nauyin yana wuyansa. Wanda ya fita da kansa ya yi latti, shi zai nemi hanyar riskar jirgin a tasha ta gaba da kuɗinsa. Bature zai sayi tikitin jirgin sama ya wuce, ya mayar da abin labarin ban dariya. Mai fasfon Nijar kuwa sai ya tambayi kansa ko bizarsa ta ba shi damar shiga ƙasar da jirgin ya nufa, ga kayansa da magungunansa suna can cikin ɗaki sun yi gaba. Yawancin shawarwarin da ka karanta a intanet an rubuta su ne don mutanen da lattinsu ba shi da tsada, namu kuwa yana da ita.

Saboda haka ka fara da biza kafin ka taɓa batun yawo. Italiya da Girka suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Turkiyya ba ta ciki. Da zarar jirgin ya tsaya Kushadasi ta Turkiyya sun fita daga yankin, idan ya iso Piraeus ta Girka sun sake shiga, don haka biza mai shiga sau ɗaya ba ta isa ba, sai mai shiga sau da yawa. Kuɗin neman bizar ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, wato kimanin jaka 59 na sefa ga mutum guda, ana kuma buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Game da sauka a tashoshin Turkiyya, ka rubuta wa kamfanin jirgin, ka ambaci cewa fasfon Nijar ne, ka karɓi amsa a rubuce ka sa a jakar takardunsu. Abin da aka faɗa maka ta waya ba zai tsaya maka shaida a bakin tasha ba.

Batun sauka a ranar tashin jirgi, ka cire shi daga ranka. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne ta Maradi da Konni da Dosso, yini guda cur a mota ko da an taso kafin asuba. Daga Yamai kuma sai an sauya jirgin sama a hanya, ta Istanbul ko Kasablanka misali, kuma a irin wannan sauyin ne jaka takan tsaya a baya ta iso washegari. Idan mutum yana Roma, jakarsa za ta same shi a otel, idan kuwa ya riga ya shiga teku, sai ta yi ta bin sa daga tasha zuwa tasha. Ni kwana biyu nake ba su a Roma: na farko don jiki ya dawo, na biyu don su ga gari. Ka kuma lura cewa Civitavecchia ba unguwa ba ce a Roma, gari ne dabam mai nisan kamar kilomita 80. Jirgin ƙasa daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, yana kai mutum cikin awa ɗaya da ƴan mintoci, yana da arha, amma tashar ƙasan ba a gindin jirgin ruwan take ba, sai an ƙara wata mota zuwa ƙofar tashar ruwa, daga nan kuma bas ya kai su inda jirginsu yake. Ga dattijo da matarsa da manyan akwatuna, ka kama musu mota tun daga ƙofar otel. Ma'aikatan jirgin ƙasa a Italiya sukan shiga yajin aiki, ana kuma sanar da ranakun tun da wuri, don haka ka duba.

A kwanakin nan biyu kada ka cika musu jadawali. Tikitin Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, yana ɗauke da sunan mai shi da lokacin shiga, ana sayen sa tun kafin a je. Gidan tarihin Fadar Paparoma a rufe yake ran Lahadi in ban da Lahadin ƙarshen wata, ranar da cunkoso ya fi na kullum. Idan kwanan ya faɗo Juma'a, babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yana arewacin gari, kuma na tabbata Alhaji zai fi ba da labarin sallar da ya yi a can fiye da na kowane kango. Abincin halal ba ya wuya a kewayen Termini. Ka gaya masa a fili cewa aljihun gaba na babbar riga, inda ya saba cusa kuɗi da waya, shi ne abin da ƴan sane na jirgin ƙarƙashin ƙasa suke fata. Fasfo ya zauna a akwatin ajiya na otel ko a jakar da ke ƙarƙashin tufafi.

Yanzu mu zo kan tashoshin. Ba a yanke musu hukunci ɗaya, kowace ana auna ta da abu uku: nisan abin da za a gani daga inda jirgin ya tsaya, yawan ababen hawa da za a sauya, da ko akwai wata hanyar komowa idan ta farko ta toshe.

Santorini ce ta fi ruɗin sabon shiga, domin a taswira garin Fira yana nan dab da ruwa. A zahiri yana kan dutse mai tsayin sama da mita 200, jirgin ba ya matsowa gaɓa, kuma daga tsohuwar tashar da ake sauke mutane hanya uku ce: keken waya mai ɗaukar mutum shida a kowane akwati, ko matakala kusan 600, ko bayan jaki a kan waɗannan matakalan. Hawa da safe ba shi ne damuwa ba. Damuwar tana zuwa da yamma, lokacin da fasinjojin jirage uku ko huɗu suka taru a layi ɗaya suna son sauka a awa ɗaya, sai mutum ya ga jirginsa a ƙasa, ido na ganin ido, amma layin ba ya motsi. Hajiya ba za ta sauko matakalan nan da gwiwarta ba. A nan ka saya musu zagayen kamfani, domin masu shi akan kai su wata tashar inda bas yake jira, kuma ko dawowar ta bi ta keken wayar, jirgin ya san da su. Ka sa a lissafi cewa tun 2025 Girka tana karɓar yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgin yawo da ya sauka Santorini a tsakiyar lokacin zafi, fiye da jaka 13 ke nan, kada ya gani a takardar biya ya ce mun ɓoye masa.

Kushadasi ma na fi son zagayen kamfani, ko da yake kangon tsohon birnin Afisa da ake zuwa gani bai wuce kilomita 20 ba. Dalilina ba nisa ba ne. Wurin yana da ƙofar sama da ta ƙasa, ana shiga ta sama a gangara a fita ta ƙasa, kuma wanda ya ɗauki tasi bai daidaita da direba a kan ƙofar da za su haɗu ba yana iya ɓata awa guda yana nemansa, cikin harshen da ba ya ji. Kusa da wurin akwai kogon da mutanen yankin suke dangantawa da Ashabul Kahfi. Ka faɗa masa cewa yana ɗaya daga cikin wuraren da ake dangantawa da su, kada ka sayar masa da shi a matsayin tabbas.

Istanbul ita ce inda shawararka ta yi daidai, kuma nan ne za ka rage musu kuɗi sosai. Tashar Galataport, wadda ta fara aiki a 2021, tana cikin gari, kuma taragon lantarki na layin T1 yana wucewa kusa da ita, ya haye gadar Galata, ya sauke su Sultanahmet bayan ƴan tsayawa kaɗan. Katin Istanbulkart guda ya ishe su su biyu. Can za su sami Masallacin Sultan Ahmad da Ayasofya, wadda ta koma masallaci a 2020, da fadar Topkapi inda aka ajiye kayan da ake dangantawa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai dai ka duba ranar da jirgin zai tsaya: Topkapi a rufe take ran Talata, babbar kasuwar rufi kuma ran Lahadi. Ka hana su shiga tasi da yamma, domin cunkoson motocin birnin ba ya da tabbas, taragon kuwa hanyarsa daban. Abin da nake tsoro a nan ba hanya ba ne, Alhaji ne da kansa. Ɗan kasuwa da ya shiga kasuwar Istanbul ya fara taya yadi da darduma ba ya duba agogo, don haka kasuwa ta zama farkon abin da za su yi da safe, masallatai su biyo baya, domin daga masallaci ana fita da zarar an idar.

Napoli da Piraeus suna tsaka-tsaki. A Napoli tashar tana bakin gari, idan yawon cikin gari kawai suke so ƙafa ta isa, amma zuwa Pompeii, tsohon garin da aman wuta ya binne, yana buƙatar ƙaramin jirgin ƙasa mai cunkoso, wanda ba zan sa dattijai a ciki ba tare da ɗan rakiya ba. Daga Piraeus akwai jirgin ƙasa na cikin birni zuwa tsakiyar Atina, tikitin Akropolis, kangon da ke kan dutsen birnin, kuma yanzu na da lokaci, sannan a shekarun nan hukuma takan rufe wurin da tsakar rana idan zafi ya tsananta. Mutumin Damagaram zai yi dariya idan aka yi masa maganar zafin Turai, amma dariyarsa ba za ta buɗe ƙofar ba, don haka ka kama musu lokacin safe.

Duk inda za su fita da kansu, ka rubuta jadawalin daga ƙarshe zuwa farko. Idan jirgin zai tashi ƙarfe 6 na yamma, an rufe shiga 5 da rabi, kai ka rubuta musu 4 da rabi a bakin tasha, ka cire tsawon hanyar dawowa, abin da ya rage shi ne lokacin yawo, ko da ya zama wuri biyu kawai za su gani. Ka kula da agogo: a lokacin zafi Italiya tana gaban Nijar da awa ɗaya, Girka da Turkiyya da awa biyu, kuma lokacin da jirgin ya sanar shi ake bi, ba wanda waya ta sauya da kanta ba. Ka sa Alhaji ya ɗaura agogon hannu ya riƙa daidaita shi da na jirgin kowace safiya. Ka kuma ce su kashe intanet na layinsu idan an shiga teku, domin hanyar sadarwar jirgin tana cin kuɗi fiye da tunani.

Zagayen kamfanin da muka zaɓa ka kama su tun yanzu, ka nemi rukunin masu jin Faransanci, domin shi ne yakan cika da wuri ko a soke shi idan mutane ba su kai ba. Ga kowace tasha ka buga musu ƙaramin kati mai sunan jirgin, sunan tashar da rubutun mutanen ƙasar, da lokacin komowa, ka bar gurbi inda za su rubuta lambar wakilin jirgin a wannan tashar, wadda take fitowa a takardar shirin yini da ake kai wa ɗaki kowane dare. Kati biyu za ka yi, ɗaya nasa ɗaya na Hajiya, domin ana rabuwa a cikin taro. Tikitin komowa gida kuma kada ka sa shi kafin azahar a ranar da za su sauka Civitavecchia. Ka gyara takardar a kan haka ka kawo mini gobe kafin Alhaji ya zo biyan kashi na biyu.