Ki fara rage kayan kafin ki ɗauki tsintsiya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce sif ɗinki ya cika har ƙofarsa ba ta rufuwa, ga akwatuna uku jibge a kansa, amma duk ranar da za ki unguwa sai ki tsaya ki rasa abin sawa. Ga kuma ƙurar hunturu ta bi ko'ina, kina so ki gyara gida kafin azumi amma kin rasa ta inda za ki kama. Da na karanta sai da na yi dariya, don kamar ni kika leƙa kika rubuta.

Shekarata 17 a ɗakin miji, kuma na daɗe ina irin gyaran da yawancinmu muke yi: a fito da kaya, a kakkaɓe, a goge, a ninke, a mayar da su kaf yadda suke. Bayan sati biyu sai ka rantse ba a taɓa wurin ba. Ashe ba ƙazanta ce ke damuna ba, yawan kaya ne. Wurin da aka cusa wa abin da ya fi ƙarfinsa ba ya gyaruwa ko da kullum ake share shi.

Tashi daga gidan haya ne ya buɗe min ido. Ranar da muke haɗa kaya na sauko da babban akwatin lefena, wanda rabona da buɗe shi har na manta. Atamfa turmi shida ce a ciki ba a ɗinka ba, biyu daga ciki Holan ne, da leshi guda da nake ta ajiya wai sai babban biki ya zo. Da na warware su sai na ga duk inda ninki ya bi ya koɗe ya yi layi fari, leshin kuwa asu ya huda shi wuri-wuri, ga wani wari na daɗewa da ko turare bai kashe shi ba. Surukata, Allah ya jiƙanta, tana zaune tana kallona. Ta ce, "Da ni kika ba na ɗaura da na sa miki albarka, to yanzu sai ki jira ta asu." Maganar ta yi min zafi a lokacin, amma gaskiya ta faɗa.

Don haka ki ware rana guda, bayan yara sun tafi makaranta, ki shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki ki kwaso komai. Komai fa, har na ƙasan gado da na cikin jakar bakko da kika cusa bayan ƙofa. Sai kin ga tulin da idonki za ki yarda da yawan abin da kika mallaka. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: duk kayan da ƙaramar Sallah da babba suka wuce, aka yi zafi aka yi sanyi ban sa su ba, to ba nawa ba ne, ajiyar wata nake yi.

A nan ne zuciya za ta fara kawo miki uzuri. "In na rame zan sa." Haihuwa huɗu na yi, rigunan amarcina ba su taɓa dawowa jikina ba, kuma ko da sun shiga yayin ɗinkin ya wuce. "Ai da tsada na saya." Kuɗin ya riga ya tafi, zamansa a akwati ba zai dawo da shi ba. Sai kuma babban ɓarawon wuri, anko. Ki ƙirga anko nawa ne a tulin nan da kika sa sau ɗaya tak, ranar kamu ko ranar yini, launin ma ba ya yi miki kyau, kin saya ne don kada a ce ba ki yi kara ba. Ni sai da na ƙirga 14. Tun daga lokacin, in an fitar da anko nakan duba ko abu ne da zan iya sawa bayan biki. In ba haka ba sai in kai gudummawata in ba da haƙuri. An ɗan yi gunaguni da farko, daga baya aka saba.

Ban ce ki zubar da tarihi ba. Ina da zanen saƙi na kakata da rigar da na sa ranar ɗaurin aurena, ba mai raba ni da su. Amma abu biyu ko uku ne irin wannan, ba akwati guda ba.

Abin da za ki bayar ki wanke shi, ki goge, ki ninke kamar yadda za ki so a miƙo miki. Wasunmu sai kaya ya zama tsumma sannan su tuna da sadaka, alhali a Suratul Baƙara an hana mu zaɓo mara kyau mu ce shi za mu bayar. Wanda ya yage ya tashi daga aiki ki yanka shi tsumman goge-goge, za ki buƙace shi a satin nan ma. Masu tsada da kike jin ba za ki iya kyautarwa ba, ki kira dillaliya ta unguwarku; ko rabin kuɗi ta kawo miki ya fi asu ya ci. Ki dai yi ciniki da ita a fili tun farko, nawa za a sayar, nawa ne la'adarta.

Akwai kuma waɗanda gyara kawai suke so, kuma a nan ne za ki samu "sababbin" kaya ba tare da kin je kasuwa ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma in kin lura riga ce ke fara mutuwa, zanen yana nan garau. Irin waɗannan zannuwan nake tarawa in kai wa tela: wani ya zama siket, wani a haɗa shi da yadi mara ado a yi doguwar riga ta zaman gida, wani a fitar wa yara kaya. Yadi biyu daga Kantin Kwari ya isa ya tayar da zanen da kika fid da rai da shi. Shaddar da ta koɗe kuwa ki kai wa masu rini su mayar da ita launi mai duhu, daga nan a kai ta bugu, za ki sha mamaki. Amma ki kai yanzu. Da zarar azumi ya raba tsakiya babu telan da zai kalli gyara, ɗinkin Sallah ya sha masa kai, kayanki za su kwanta a ƙarƙashin keke har bayan hawan Sallah.

Wajen mayar da kaya, na yau da kullum su zauna daidai hannu, na fita biki su hau sama. Leshi mai duwatsu kada ki rataye shi a hanga, nauyinsa yana ja ya saki. Ki ninke shi da bayansa a waje. Atamfar da ba ki ɗinka ba ki riƙa warware ta lokaci-lokaci kina sauya mata ninki, kada abin da ya same ni ya same ki. Gyale da ɗankwali ni naɗe su nake yi in jera a durowa a tsaye, don in na tula su na ƙasa ba ya sake ganin rana. Jakunkuna da takalman da ba fata ta gaskiya ba ce, zafin Maris da Afrilu yana sa su saɓule ko ba a taɓa su ba, don haka ajiyarsu asara ce. Ki yi amfani da su ko ki bayar tun suna da kyau.

Sai maganar kafur, kuma ina roƙonki ki riƙe wannan. Yana korar asu da kyankyaso, gaskiya ne, amma kada ya kusanci kayan jariri ko kayan da mai jego za ta sa. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, yana fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani, kuma ma'aikatan asibiti sun daɗe suna gargaɗi a kai. Ga shi fari dunƙule kamar alewa, yaro mai rarrafe zai iya jefa shi a baki. Ni na daina sa shi gaba ɗaya. Kanumfari nake ƙullawa a ɗan ƙyalle in jefa a kusurwar sif, sannan in riƙa shanya kayan.

Yanzu shara. Kin ce kafin azumi kike so, to amma ki tuna azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, ita kuwa ƙura da lokacinta take tafiya. Aikin sif ba ruwansa da yanayi, ki yi shi gobe ma. Amma in har yanzu kina ganin hazo da safe, wankin labule da kafet wahalar banza ce, kwana uku sun koma yadda suke. Ki yi goge-goge na sama-sama ki shiga azuminki, babban wankin ki bari sai iska ta kwanta, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris. Ranar bazara ita ce mai aiki kyauta: ki fitar da katifa da filalluka da barguna su sha ta tun hantsi har la'asar. Abin da ba na wasa da shi shi ne komai ya bushe ƙarau a ajiye kafin ruwan farko, don bargon da aka ninke da ɗan danshi fumfuna zai yi kafin Agusta.

Daga sama ake farawa, yanar gizo da fanka da saman sif, sannan tagogi, ƙasa ce ƙarshe. Kada ki bi ƙurar hunturu da bugu da tsumma busasshe, tashi kawai take yi ta sake sauka, ke kuma ki kwana kina tari. Tsumma mai danshi, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya. Fanka kuwa tsohuwar rigar filo nake zura wa kowane reshe in jawo, dattin ya zauna a ciki maimakon ya zubo a gado. Ragar taga ki wanke ta da buroshi, ita ce ke riƙe ƙurar da ke dawo miki ɗaki duk lokacin da iska ta kaɗa. In akwai mai asma a gidan ki tura shi maƙwabta sai an gama, ke ma ki ɗaure hancinki.

Sito ya fi falo buƙatar kulawarki, ko da yake baƙo ba ya shiga. Ki janye buhuna ki duba bayansu. In kin ga kashin ɓera kada ki share shi a bushe. Ki yayyafa ruwan bilic, ki bar shi ya jiƙa, ki kwashe da leda a hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma a rani ya fi yaɗuwa. Shinkafa da gari da wake su koma cikin robobi masu murfi, ramuka a toshe da siminti. Kuma don Allah kada ki haɗa bilic da ruwan wankin masai wai don ya fi ƙarfi. Hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Na taɓa yi sau ɗaya a banɗaki a rufe, da rarrafe na fito. Fiya-fiya ma ba abin fesawa a ɗakin da za a kwana ba ne.

Kicin ba sai na ja ba, kin san robobin da murfinsu ya ɓata da tukwanen da suka huje. 'Yan gwangwan suna wucewa kullum.

Turare shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Maƙwabciyata 'yar Maiduguri ce ta koya min cewa turaren wuta ba ya rufe wari, haɗuwa suke yi su ba da wani abu daban. Sai ɗaki ya sha iska, kaya sun bushe, sannan ki sa garwashi kaɗan a kasko, ki kifa kabbasa a kai, wato kwandon turara kaya, ki baza kayan a kai su sha hayaƙin a hankali. Ki nisanta kaskon da labule, kuma kada ki fita ki bar shi. Humra da turare mai maiƙo a jiki ake shafa su, in suka taɓa farar shadda tabon ba ya fita.

Kada ki ce za ki gama duka a yini ɗaya, ki kwanta ciwon baya ana jibi azumi. Ni sati guda nake ɗauka, ɗaki ɗaya a rana, kuma yaran duk suna da aiki, mazan ma. Ɗana na fari shi ke wanke raga da fitar da katifu.

Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai: ɓangaren maigida kada ki taɓa shi sai yana nan. Shekarar da na fara wannan rage kayan, daɗin aikin ya ɗebe ni na haɗa da wata tsohuwar babbar riga da ban taɓa ganin ya sa ba, na ba mai wankinmu. Ashe ta mahaifinsa ce. Sai da na aika har gidan mutumin da sabuwar shadda yadi biyar aka karɓo ta, kuma har yau in ya ga na shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki sai ya tashi ya kulle sif ɗinsa ya sa makullin a aljihu.