Bindiga a Amurka: amsa ga mai tambaya daga Gusau

Malam, ka ce ka ji kowa a nan Amurka yana da bindiga, shi ya sa gwamnati ke shakkar talaka. Da gaskiya a ciki, amma da sauran magana.

Tushen abin gyara na biyu ne na kundin tsarin mulki, na 1791. Sai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin mallakar bindiga da gyaran ya tanada na kowane mutum ne, ba sai yana cikin dakarun sa-kai ba. Masu kare shi suna cewa jama'ar da ke da makami ba a yi mata kama-karya. Masu suka kuwa suna lissafo kisan Shugaba Lincoln, Shugaba Kennedy a 1963, jagoran baƙar fata Martin Luther King a 1968, da harbin Trump a 2024, duk 'yan ƙasa ne suka ɗana kunamar. A ganina tarihi bai cika bai wa masu kare haƙƙin gaskiya ba. A 1794 manoman jihar Pensilbaniya sun ɗauki makamai kan harajin giya, Shugaba George Washington ya tara dakaru kusan 13,000, manoman suka watse. A 1967 'yan Black Panther, wata ƙungiyar baƙar fata, sun shiga majalisar jihar Kalifoniya da bindigogi, shekarar ba ta ƙare ba aka haramta yawo da bindiga mai harsashi a ciki.

Sayen ba wuya. Ka je shagon mai lasisi da katin shaida, ka cike fom 4473, a tura sunanka a binciki tarihinka, sau da yawa cikin mintuna. Ƙaramar bindiga sai mai shekara 21, doguwa 18. Jihar Teksas ta bar mutum ya yi yawo da ita ba lasisi tun 2021, jihar Niyok kuwa sai da izini.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne takardu. Mai katin zama na dindindin zai iya saye, ɗalibi mai biza galibi a'a. Laifin bindiga ɗaya, ko tsallaka jiha da ita ba bisa ƙa'ida ba, yana iya jawo a tasa ƙeyar mutum gida. Shi ya sa yawancin Hausawan nan ba su ajiye ta, masu ajiyewa kuma suna kulle ta a akwatin ƙarfe saboda yara. Baƙar fata kuma yana tuna Philando Castile: yana da lasisi, ya gaya wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a Minesota a 2016. In an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, kar ka laluɓi aljihu sai an ce.