Windows na shanye mini data da sabuntawa: in kashe ta gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Mabera, cikin garin Sakkwato, ina buga wa mutane takardu da yi musu rajistar jarrabawa. Da wayata nake ba kwamfuta data. Da zarar na haɗa, sai Windows ta hau sabunta kanta ba ta tambaye ni ba, data ta ƙare. Wani lokaci ma ta mutu ta sake tashi ga mutane na jira. Yaya zan kashe wanga abu kwata-kwata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukanka na kan hanya, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sai dai ba zan ba ka shawarar kashewa kwata-kwata ba. Abin da kake bukata shi ne linzamin ya dawo hannunka, kai ne za ka ce yaushe za a sabunta.

Fara da wannan, don shi ne maganin mafi yawan matsalarka. Windows na ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin intanet mara iyaka, ba ta san cewa wayarka ce da data ta kuɗi ba. Sai ka gaya mata. Bayan ka haɗa da wayar, shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ka danna sunan wayar taka, ka kunna "Metered connection". Daga nan za ta daina sauko da yawancin sabuntawa da kanta, sai ɗan abin da ta ga ya zama dole. Ka lura, kowane Wi-Fi saitinsa daban. Idan gobe ka haɗa da wayar yaron shago, sai ka sake yi wa tasa.

Batun mutuwa da tashi ga kwastoma a tsaye kuwa, cikin Windows Update akwai "Active hours". Ka sa lokutan aikinka, misali daga 7 na safe zuwa 10 na dare. Tana karɓar har awa 18, kuma ba za ta sake tashi da kanta a cikinsu ba. Lokacin rububin rajistar JAMB kuma ka danna "Pause updates", wanda ke dakatar da komai har makonni 5. Da wa'adin ya cika takan ci gaba.

In Windows ɗinka nau'in Pro ce, ba Home ba, akwai hanya mafi ƙarfi. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta gpedit.msc, bi ta Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, ka nemo "Configure Automatic Updates". A Windows 11 yana cikin "Manage end user experience". Zaɓi Enabled, ka ɗauki lamba 2, wato ta sanar da kai kafin ta sauko da komai. Nan ma akwai Disabled, wanda ke hana ta yin komai da kanta, amma ni lamba 2 na fi so, saboda ɗan Adam da mantuwa. Mai Windows Home ba shi da wannan ƙofa.

Masu gyara da yawa za su ce ka shiga services.msc ka kashe Windows Update. Yana aiki na ɗan lokaci, amma akwai wani sashe mai suna Windows Update Medic Service da aikinsa ke nan ya gyara abin da aka taɓa, sai ka wayi gari ta dawo. Ƙananan manhajojin da ake saukowa daga intanet da sunan toshe sabuntawa kuma, ka nisance su. Za ka ba abin da ba ka san mai shi ba cikakken iko a kan kwamfutar da ke ɗauke da lambobin NIN da hotunan 'ya'yan mutane.

Dalilin da ya sa na ƙi kashewa gaba ɗaya ke nan. Kwamfutar shago ba kamar ta gida ba ce: filashi nawa ake soka mata a wuni, daga ɗaliban Jami'ar Danfodiyo zuwa masu neman aiki? Sabuntawar nan yawancinta toshe ɓaraka ce, kuma ta wannan hanyar ce Microsoft Defender, manhajar tsaron da ke cikin Windows, ke samun bayanan sabbin ƙwayoyin cuta. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft ta riga ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha.

Don haka ka ware rana ɗaya a wata. Microsoft na fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu ta kowane wata, da yammacinmu. Ka bari kwana biyu ko uku su wuce, ka sayi datar dare mai rahusa, ka kashe "Metered connection", ka danna "Check for updates", in an gama ka mayar da shi. Ka tabbata batir a cike yake ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya hana kwamfutar tebur tashi.

Ba ka faɗi wace Windows kake da ita ba. In 10 ce, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro. Rubuta winver a akwatin nan na Windows da R ka gani. In 10 ce, ka sa manhajar Microsoft mai suna PC Health Check ta duba ko injin zai ɗauki 11.