Ƙungiyar masu aikin sinadarai: daga ina ta fito?

Tambaya: Ina aiki a wata masana'antar haɗa takin zamani a Gusau. An ce masu aikin sinadarai suna da ƙungiyar ƙwadago tasu. Yaushe aka kafa ta, kuma mu da ake ɗauka aikin wucin gadi muna da gurbi a cikinta?

Amsa: Akwai ta, ɗan'uwa. Sunanta dogo ne, a taƙaice ana rubuta NUCFRLANMPE, wato ƙungiyar ma'aikatan sinadarai, takalma, roba, fata da kayan da ba na ƙarfe ba, kuma tarihinta ne ya sa sunan ya yi tsawo.

Kafin 1978 kusan kowane kamfani da 'yar ƙungiyarsa, marar kuɗi, marar ƙarfi. A shekarar ne gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙungiyoyin nan ta mayar da su 42, kowace sana'a da tata, duka a ƙarƙashin NLC, uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Masu yin fenti, sabulu, magani, siminti da gilashi suka samu rumfa ɗaya. Masu fata, takalma da roba suka samu tasu. Aka kuma fara cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, wanda shi ya ba ƙungiyoyin abin riƙe ofis da lauya. A 1996, zamanin Abacha, aka sake matse su zuwa 29, rumfunan nan biyu suka zama ɗaya, wato NUCFRLANMPE ta yau. Manyan ma'aikata kuwa tasu daban, tana ƙarƙashin TUC, ɗaya uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa.

Ka lura, doka ce ta yi wannan ɗinki daga sama, kuma an auna rigar ne da jikin manyan masana'antun Legas da Kano, inda ma'aikaci ke da takardar aiki da albashin wata. Ku kuwa ana kiranku gab da damina, a sallame ku da kaka. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin mai shaƙar ƙurar yuriya ba takunkumi ba safar hannu ya fi kowa buƙatar mai tsaya masa.

Gurbi kam kuna da shi. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi diyya ta hannun NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, in aiki ya ji maka rauni ko ya sa maka ciwo. Ku rubuta sunayenku da ranar da kowa ya kama aiki, ku kai ofishin NLC na jiha nan Gusau, ku ce a haɗa ku da wakilin ƙungiyar. Ku tafi a tare, kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai.