Hukuncin Zuwa Kallon Dalar Giza da Gawarwakin Fir'aunoni

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Azhar da ke Alƙahira. Mun gama jarrabawa, sai muka yi karo-karo da 'yan ɗakinmu za mu ɗauki mota mu wuni muna yawon buɗe ido: da safe dalar Giza, da yamma gidan tarihin Fusɗaɗ, wato tsohon gari da ke cikin Alƙahira, inda aka ajiye gawarwakin Fir'aunoni. Wani abokinmu ya ce haramun ne, ya kawo hadisin da ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba. Akwai kuma ɗalibai mata 'yan gida da suke son su bi mu. Mu je ko mu fasa? Kuma za mu yi kasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba ku sakamako mai kyau. Zuwanku ya halatta, amma kada ku yi wa abokin nan naku dariya, domin hadisin da ya kawo ingantacce ne. Wurin da ya ɗora shi ne ba nan ba ne.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya biyo ta Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu. Ya ce kada a shiga wa waɗannan da aka azabtar sai ana kuka, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya lulluɓe kansa, ya yi sauri har ya wuce kwarin. Ruwan da sahabbai suka ɗiba a rijiyoyin garin ya ce a zubar, ƙullun da aka kwaɓa da shi a ba raƙuma. To ka lura, dalilin hanin shi ne azaba ta sauka a wannan ƙasa ɗin kanta. Kuma ko a can ɗin an bar ƙofa ga wanda zai shiga zuciyarsa a karye.

Giza ba haka take ba. Kaburbura ne na sarakunan da suka shuɗe, babbar cikinsu ta Khufu an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsawonta na asali ya kai mita 146. Babu wani nassi da ya ce an saukar da azaba a wannan fili. Fir'aunan Annabi Musa a teku Allah ya nutsar da shi da rundunarsa. Sannan Amru ɗan Asi ya buɗe Masar a halifancin Sayyidina Umar, ya kafa Fusɗaɗ a gabashin Nilu, dala tana tsaye a ƙetaren kogi kowa yana hango ta. Sahabbai sun zauna a nan, tabi'ai sun biyo baya, malamai irin su Laisu ɗan Sa'ad da Imamu Shafi'i sun rayu a garin har suka rasu, ba mu sami wanda ya yi wa Giza hukuncin Hijir a cikinsu ba. Ga kuma umarnin Alƙur'ani a wurare da dama, kamar Suratur Rum aya ta 42, cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Wanda ya tsaya a gindin dala, ya ga dutse guda ya kusa kai masa kafaɗa, ya tuna mai ita duk wannan aikin ya sa aka yi don gawarsa ta kwanta lafiya, amma akwatin dutsen da ke ciki yau babu kowa, ya karanta tafsirin ayar da idonsa.

Idan wani ya kawo maka hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku, wannan maganar tafiyar ibada ce don neman falalar wuri. Ku ba lada kuke nema a jikin duwatsu ba.

Inda zuciyata ta fi nauyi shi ne zauren gawarwaki. A watan Afrilun 2021 aka kwaso gawa 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga gidan tarihin Tahrir zuwa Fusɗaɗ, cikinsu har da Ramsis na biyu. Shiga ba haramun ba ne ga mai neman izina, amma waɗannan 'yan Adam ne. An wuce da gawar wani Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ce? Don haka ban yarda ku shiga kuna ƙyaƙyata dariya kuna yi wa fuskokinsu ba'a ba. Ku rage murya, ku duba, ku fita. Kuma kada ɗayanku ya nuna wata gawa ya rantse cewa ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa. Allah ya ce a Suratu Yunus aya ta 92 zai tsirar da jikinsa ya zama aya ga na baya, amma bai faɗi sunansa ba. Abin da ake faɗa game da Ramsis ko ɗansa hasashen masu bincike ne, ɗalibin Azhar bai kamata ya mayar da hasashe aƙida ba.

Kasaru babu. A mazhabarmu ta Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wato kusan kilomita 80, Giza kuwa a gefen Alƙahira take. Da Iskandariyya za ku, wadda ta haura kilomita 200, da kun yi. Abin da nake ji muku shi ne azahar ta tafi kuna cinikin hawan raƙumi da masu raƙuma. Ku fito da alwala, ku riƙe gorar ruwa, lokaci na yi ku ja gefe nesa da kaburburan ku yi sahu, domin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibnu Abi Zaid, ta lissafa maƙabartar mushrikai cikin wuraren da aka hana yin salla. La'asar kuwa ku yi ta a masallacin Amru ɗan Asi, ba shi da nisa da gidan tarihin. Kada ku zaɓi ranar Juma'a.

Batun 'yan'uwanku mata, su ma suna da hakkin su ga gari, kuma tafiyar cikin birni ce. Abin da aka hana shi ne keɓewa da cuɗanya, a matsu a kujera ɗaya, a jeru kafaɗa da kafaɗa a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp. Uban da ya sayar da amfanin gonarsa ya turo 'yarsa karatu, amana ya bar muku ko bai furta ba. Abin da na fi so su tafi a ayarinsu tare da wata babba, ko matar ɗaya daga cikin ɗaliban da ke zaune da iyalinsu. In dole mota ɗaya ce, su zauna ɓangarensu, kada kowa ya ware da wata, kuma a mayar da su masaukinsu kafin dare.

Abokin naku in ya ce shi dai ba zai je ba, ku ƙyale shi, kada ku matsa masa ya biya kason mota. Wallahu a'alam.